Hannun Yaya a Ƙugun Mai Ɗinki

A ƙarshen doguwar barandar asibitin, bayan an wuce ɗakin hoton ƙashi, akwai sashen gashi, inda ake gasa jiki da motsa gaɓoɓi. Nan ake kawo waɗanda jiki ya juya wa baya: mai shanyewar ɓarin jiki, da wanda aka cire wa filasta ƙafa ta ƙi lanƙwasuwa, da tsohuwar da gwiwa ta hana sakat. Ɗaki ne mai faɗi, da gadaje a jere bayan labule, da wani babban madubi da ya tsage a kusurwa, da sandunan ƙarfe biyu da aka kafa a tsakiya don mutum ya shiga tsakaninsu ya riƙe ya koyi tafiya. A wannan ɗakin Yaya ta yi fiye da rabin rayuwarta.

Ba ita ta fi kowa shekaru ba, mai shara ma ya girme ta, amma sunan ya bi ta har shugaban asibiti in ya leƙo Yaya yake cewa. Gajeriya ce kakkaura, kullum cikin farar riga mai manyan aljihuna da takalmi marar tsini. Duk kyanta a hannu yake. Tafinta faffaɗa ne, kuma kullum da ɗumi ko da sanyin safe. In ta ɗora shi a bayan mutum, kafin ya gama nishi ta gaya masa inda ke ciwo. Ita ma ta san da haka, kuma ba ta cikin masu ɓoye abin da suka iya.

Tana makarantar sakandare mahaifinta, wanda magini ne, ya faɗo daga kan tsani. Ita ce babba a gida, ita ke ɗaga shi, ita ke juya shi, ita ke raka shi asibiti. A can ta ga wani mutum shiru-shiru ya sa hannu a ƙugun mahaifinta ya miƙar da shi tsaye kamar ba komai ba. Daga ranar ta san aikin da za ta yi. Gwaggonta ta yi ta mita, wai duk wannan karatu don a ƙare a matsa wa mutane ƙafa. Yaya ta ci gaba da karatunta. Bayan shekaru, da gwiwa ta kama gwaggon, Yaya ce ta gasa ta, kuma sai da ta tuna mata maganar.

Yaya ba ta da hassadar abin duniya. Ki sayi mota, ki yi gini, za ta zo ta taya ki murna da zuciya ɗaya. Kishinta a wuri guda yake: wanda ta riƙe, nata ne. In ta tafi hutu ta dawo ta ji majinyacinta ya ce wance ma tana da kirki, ranar sai ya sha atisayen da zai kwana yana tuna ta. A gida ma haka take. 'Yarta ta fari ta daɗe ba ta yi tafiya ba, don Yaya ba ta ajiye ta. In ba a baya ba to a kafaɗa, in an tsayar da ita kuma hannu biyu na riƙe da ita. Rannan Yaya na wurin aiki, maƙwabciya ta tsayar da yarinyar a tsakar gida ta koma gefe tana karkaɗa mata makullai, yarinya ta taka ta je. Yanzu 'yar ta yi aure har ta haihu, amma in maƙwabciyar ta fara cewa, "Ai a gabana ta fara tafiya," sai Yaya ta tuna ta bar abu a wuta.

To, sai ga Auta.

Auta ta zo sashen ne tana sabuwar gama karatu, siririya, mai ƙaramar murya, in majinyaci ya yi ihu ita ce ke fara ja da baya. Yaya ce ta raɗa mata sunan, don ita ce ƙaramar ɗakin a lokacin. Yaya ce ta koya mata yadda ake tayar da ƙaton mutum daga gado ba tare da an karya baya ba, da yadda ake kallon mai tafiya. "Bar kallon ƙafa," in ji ta, "ƙafa 'yar aike ce. Kalli ƙugu." Tana son Auta irin son da ake yi wa abin da aka raina da hannu.

Da gurbin ƙarin karatu ya fito, Yaya aka fara yi wa tayi. A lokacin maigidanta na kwance an yi masa aiki, ga yara a makaranta, ga kuma majinyatan da take ganin in ta bar su rushewa za su yi. Da bakinta ta ce wa shugaba, "A tura Auta." A zatonta Auta za ta je ta dawo tana nan Autarta.

Auta ta dawo da siririyar muryarta, amma da sabon matsayi. An naɗa ta mai sa ido kan aikin sashen. Tsarin da ta zo da shi kuwa, kowane ma'aikaci, komai daɗewarsa, komai takardarsa, lokaci-lokaci sai an zauna an kalli yadda yake aiki da majinyaci, bayan nan a keɓe a tattauna. Ba don kama laifi ba, in ji Auta, don hannu ma yakan saba da hanya ɗaya har ya manta da sauran. Takan ɗauko wata kujerar roba ta ajiye a kusurwa ta zauna, ba ta cewa uffan har a gama. 'Yan ɗakin suka raɗa wa abin suna zaman kujera. Ranar Laraba kuma a taru a ɗakin shayi a yi ƙara wa juna sani.

Abin da ya fi ci wa Yaya rai ba kujerar ba ce. Matasan da a da suke biyo ta bayan labule suna cewa, "Yaya, zo ki taɓa min wannan kafaɗar," yanzu ƙofar Auta suke ƙwanƙwasawa. Su fito suna dariya, suna maganganun da Yaya ba ta san farkonsu ba. Ranar Laraba takan zauna a kujerar baya ta harɗe hannu, ta yi ta juya cokali a kofi da ƙarfi. In an tambaye ta ko tana da abin cewa sai ta ce, "Mu me muka sani? Mu da ba mu je ko'ina ba." Kishi ne, tsagwaronsa, kuma ta san kishi ne. Sanin bai rage mata komai ba.

Abu ɗaya ya rage mata wanda take ganin babu mai taɓa shi: Mai Ɗinki.

Mai Ɗinki dattijuwa ce da ta yi rayuwarta a kan keken ɗinki na ƙafa, har wata safiya ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Ɗanta ya kawo ta a keken marasa lafiya, baki a karkace, hannu na lilo, ba ta ko iya zama sai an tokare ta da matasai. Yaya ta karɓe ta. Wata da watanni tana fama: ta koya mata juyi a gado, ta koya mata zama, ta koya mata tsayuwa, har suka shiga tsakanin sandunan ƙarfe, har suka fito. Da baki ya dawo kuwa sai aka gane ashe da ma can kaifi gare shi. Kowa a ɗakin "yaron nan" ne ko "yarinyar nan", har da Auta. Yaya kaɗai take kira Likita.

"Likita," takan ce, "akwai wani shuɗin yadi a ƙasan akwatina, na hana kowa. Ranar da ƙafar nan ta hau keke, rigar farko ta wadda ta sa ni tafiya ce."

"Mama, ki dai taka tukuna," in ji Yaya. Amma a zuci ta riga ta zaɓi irin wuyan da za a yi wa rigar, ta kuma san ranar Laraba za ta fara sa ta.

Kuma Mai Ɗinki na takawa. In Yaya ta tsaya a bayanta ta ɗora tafi a ƙugunta na hagu, sai ka ga tsohuwa ta ratsa ɗakin daga ƙofa har madubi, 'yan rakiya na tafi. Matsalar ɗaya ce. Ɗanta kullum sai ya ja Yaya gefe ya ce a gida ko daga gado zuwa bakin ƙofa ba ta iya zuwa, sai ta tsaya ƙiƙam tana rawar jiki har a ɗauke ta.

"Ba kwa yi mata atisayen da na ce ne," in ji Yaya.

"Wallahi muna yi, Likita."

"To ba kwa yi daidai."

Ranar da zaman kujera ya zo kan Yaya, sai da Auta ta same ta tun da safe. "Yaya, yau ke ce. Wa kike so in kalla?"

Yaya ta dube ta sama da ƙasa. Yarinyar da ta koya wa ɗaure takalmin majinyaci ce yau za ta duba mata aiki. Ta ce, "Mai Ɗinki." Ta zaɓe ta ne don Auta ta ga aiki ta kama bakinta.

Auta ta ajiye kujerarta. Yaya ta tayar da Mai Ɗinki, ta ɗora tafi a ƙugu, suka tafi. Ranar tsohuwar ta ma fi kullum kyau, ƙafar hagu na ɗagawa tana sauka kamar ba ita ba. Da suka kai madubi Yaya ta saci kallon kusurwa. Auta ba ƙafar take kallo ba. Ƙugun take kallo.

Bayan an tashi suka shiga ɗakin shayi, Auta ta rufe ƙofa, ta zuba wa Yaya nata kafin ta zuba wa kanta.

"Yaya, daga inda kika ɗauko Mama zuwa inda take yau, ban san wanda zai iya ba in ba ke ba."

"Faɗi abin da ke bakinki, Auta. Ni na koya miki fara magana da zaƙi."

Auta ta sunkuyar da kai, sannan ta ɗago. "Duk takun da za ta yi, tafinki ne ke tura nauyinta kan ƙafar hagu. Kaɗan ne, ba kowa zai gani ba. In lokacin ɗaga ƙafa ya yi kuma, babban yatsanki ya danna. Jikin Mama bai koyi tafiya ba tukuna, Yaya. Sauraron hannunki ya koya. Shi ya sa a gida take tsayawa, jiran hannun take yi."

"Ni ba na tura ta. Tsaronta nake yi."

"Na san ba da sani ba ne."

"A can aka koya miki wannan?"

"A nan aka koya min. Ke kika ce in bar kallon ƙafa."

Da Auta ta yi mata rashin kunya da ya fi mata sauƙi. Wannan ladabin ne ya tsaya mata a wuya. Auta ta ƙara da cewa, a hankali, in Yaya ta ga zai yi mata nauyi, za ta iya karɓar Mama na ɗan lokaci, sabon hannu yakan taimaka. Yaya ta ajiye kofin ba ta ko kurɓa ba.

"Mai Ɗinki tawa ce," ta ce, ta fita.

Da yamma ta juye wa maigidanta labarin tana yanka albasa kamar albasar ce ta yi laifin. Shi kuwa, mutum ne da tun da ya ajiye aiki ba shi da abin yi sai tsokanarta. Ya gama ji tsaf ya ce, "Ranki ya daɗe, in ce ko yarinyar ba ta karkaɗa makullai ba?"

"Kai ma da ita za ka haɗa kai?"

"Ni na isa? Ni da har yau in za mu tsallaka titi sai kin riƙe min hannun riga."

Ba ta yi dariya ba. Ta dubi hannunta mai riƙe da wuƙa ta daɗe tana dubansa.

Washegari ba ta gaya wa kowa komai ba. Ta tayar da wani dattijo mai ciwon ƙugu, ta ɗora tafi, ta ce a ranta yau za ta sa wa hannun ido. Ya ɗaga ƙafa, sai ta ji babban yatsanta ya danna. Shi kaɗai, ba ta aike shi ba. Ta gwada da wata, haka. Shekarun da ta yi tana alfahari da hannun nan, ashe ya daɗe yana aikinsa ba da shawararta ba, kuma duk ɗakin babu wanda ya gani sai yarinyar da ita ta buɗe wa ido. Ta ji haushin hannun, ta ji haushin Auta, ta fi jin haushin cewa Auta ce da gaskiya.

Akwai hanya mai sauƙi. Ta ɗauki hutu, Auta ta karɓi Mai Ɗinki, in ta dawo a ba ta labari. Amma an taɓa ba ta irin wannan labarin sau ɗaya a tsakar gida, kuma har yau bai gama yi mata ciwo ba. Ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar Auta, ƙofar da ta rantse ba za ta taɓa ƙwanƙwasawa ba.

"In Mama ta zo, ki tsaya a gabanta," ta ce daga bakin ƙofa, ba ta shiga ba. "Ki ɗauke mata hankali da surutu, ke da kika iya. Ni ina baya."

"To, Yaya."

"Kuma ban da kujerar nan."

Mai Ɗinki ta zo da hantsi, ɗanta na tura ta. Yaya ta ɗaura mata faffaɗan bel a ƙugu don ko ta kwana, ta tayar da ita, ta ɗora tafi inda ta saba. Auta ta tsaya a gaba, hannuwa a buɗe, tana ja da baya kaɗan-kaɗan.

"Me yarinyar nan take yi a hanyata?" in ji tsohuwar.

"Tambaya na zo yi, Mama," in ji Auta. "Telana kullum sai ya ɓata min kafaɗar riga. Ko me ya sa?"

"Don ba tela ba ne! Kafaɗarki a zube take, shi kuma yana yanka ta a miƙe. Wa ya koya masa?"

Ta hau faɗa, ƙafa na tafiya. Yaya ta sassauta tafinta. Ta bar yatsu kawai. Ta bar yatsa ɗaya. Sannan ta janye shi, ta damƙe bakin aljihunanta da hannu biyu, don ta san in ta bar su sake komawa za su yi. Mai Ɗinki ta yi turus. Nauyinta ya tsaya a tsakiya, ƙafar hagu ta fara karkarwa, ƙugun na jiran abin da ya saba ji. Duk jikin Yaya ya yunƙura. Tana ganin daidai wurin da za ta danna, taɓawa ɗaya ta isa. Ta cije leɓe, ta ja aljihun har ta ji zare na tsinkewa.

"To yaya ya kamata ya yanka, Mama?" in ji Auta, muryarta ko rawa ba ta yi ba.

"A karkace mana!"

Ƙugun ya karkata da kansa. Mummunan taku ne, ƙafar ta ja ƙasa, kafaɗa ta zube, da Yaya ce ke riƙe da ita ba za ta bari a ga irinsa ba. Wani ya biyo, wani ya biyo. Yaya na biye da ita dab da dab, ba ta ganin komai sai ƙeya da ɗankwali da ya zame. Fuskar tana wajen Auta.

Da suka kusa madubi tsohuwar ta ɗaga ido. Ta ga kanta a tsaye, ta ga Yaya a bayanta da hannuwa a aljihu. Ta dubi ƙugunta, ta sake duban madubin. Bakinta ya buɗe, faɗan ya ƙare. Ta yi sauran takun da sauri ta faɗa jikin Auta, ta ƙanƙame ta da hannun mai lafiya tana kuka. Ɗanta ya durƙusa a ƙasa yana godiya ga Allah. 'Yan ɗakin suka fito daga bayan labule.

"Mama, aikin Yaya ne," in ji Auta, tana leƙen Yaya ta saman kafaɗar tsohuwar. "Wata da watanni tana..."

Mai Ɗinki ba ta ji ba. Ta ɗan ja baya ta riƙe fuskar Auta. "Likita," ta ce mata, "Allah ya yi miki albarka. Ashe ke ake jira." Sai hannun mai lafiya ya sauka kan kafaɗar Auta, ya fara tafiya daga wuya zuwa gefe, yatsu na buɗewa suna rufewa. Awo take yi. "Akwai wani shuɗin yadi a ƙasan akwatina."

Yaya ta tsaya inda take. Murna na nan a ƙirjinta, ta gaske, har idonta ya cika. Kishin ma na nan, bai matsa wa murnar ko kaɗan ba. Ta jawo kujera ta kawo ta bayan gwiwoyin tsohuwar, aljihunta na hagu na reto a yage.

"Shuɗi ba ya karɓarta, Mama," ta ce. "Zauna a hankali. Nemi kujerar da hannunki."

Mai Ɗinki ta laluba ta samu, ta zauna da kanta. Yaya ba ta taɓa ta ba.